Keken da Baba Makulli Ya Ajiye wa Allah

Baba Makulli ake ce wa mahaifina, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Kafin ka gan shi za ka ji shi. Makullai goma sha ɗaya ne a zobe ɗaya, rataye a ƙugunsa, suna kacau-kacau tun daga bakin layi. Ni ce 'yarsa tilo. Ni na yi jinyar matarsa, ni kuma nake jinyarsa yanzu, don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ce. Masu yabonsa suna da yawa, su je su ba da nasu labarin, ni nawa zan bayar.

Shekara talatin ya yi yana kula da sito a kamfanin sabulu, ko gutsure bai taɓa biyo shi gida ba. Abokan aikinsa kan cusa guda biyu a aljihu su ce ladan gumi ne. Shi kuwa ko ƙamshin ne ya kama rigarsa sai ka ga kamar zai koma ya ba da haƙuri. Mama takan yi masa tsiya ta ce, "Maigida, mu ne masu kwana da ƙamshin sabulu, mu wayi gari mu je saye a shago." Ba ya dariya. Sai ya ce wanda ya ɗauki allura yau, gobe garma zai saɓa.

Abu uku ya ɗauko daga Littafi Mai Tsarki ya rataya a wuyansa, mu ma ya rataya mana: komai na Allah ne, kai riƙo kawai aka ba ka, kuma ranar tambaya tana nan tafe. Ban taɓa musun ko ɗaya ba, har yau ma ban musa ba. Kuma in faɗi gaskiya tsakani da Allah, mutumin nan bai sha giya ba, bai taɓa ɗaga wa Mama hannu ba, in albashi ya shigo na Allah yake fara cirewa kafin na tukunya. Da mugu ne na fili da abin ya zo mini da sauƙi.

Da ya yi ritaya sai dattawan ikilisiyarmu suka danƙa masa siton coci. Wani ɗan ɗaki ne a bayan ginin, mai ƙofar ƙarfe, ba taga. A ciki akwai kujerun roba, rumfuna biyu, manyan tukwane, farantai, fitilu da wani tsohon janareta. Kafin zuwansa kayan nan ƙafa gare su. A ari tukwane huɗu, uku su dawo, ta ukun ma ba murfi. Da Baba ya karɓi makulli sai ƙafar ta karye. Yana da hanyarsa ta aiki. Duk abin da ya ga yana da daraja sai ya naɗe shi da leda mai kauri, ninki biyu, ya ɗaure da igiya, ya yi wani irin ƙulli nasa da ba mai iya kwancewa sai shi. Duk Asabar da safe zai shiga da tsumma ya goge ƙurar da ke bayan ledar, ya ɗiga wa ƙofa mai, ya kulle, ya ja kwaɗon sau uku. Mutane suka yi ta sa masa albarka, shi kuma kansa ya ƙara girma, ko da yake in ka gan shi sunkuyar da kai yake yi.

Ana nan sai wata 'yar ikilisiya da ta tafi aikin jinya ƙasar waje ta aiko da keken guragu, sabo fil, ƙarfensa na ɗaukar ido. Saƙonta gajere ne: a ba duk wanda ya buƙata. Aka nuna shi a gaban jama'a, aka tafa, Baba ya tura shi sito ya naɗe.

Mutum biyu suka nema a shekara biyun farko. Mai aski ya zo wa tsohonsa, Baba ya ce ai tsohon yana ɗan takawa da sanda, kada a koya masa lalaci. Wata gwauruwa ta zo wa ɗanta da mota ta buge, ya ce hanyar gidansu duk duwatsu ce, cikin wata guda za a kassara kayan Allah. Kullum yana jiran wani mabuƙaci na gaske wanda bai zo ba tukuna.

Sai mabuƙacin ya zo, a cikin ɗakinsa, a kan gadonsa.

Mama mace ce mai jiki, mai murya, mai dariyar da ake ji daga gida uku. Tumatir da albasa take sayarwa a ƙofar gida, amma rabin cinikin hira ce. Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata. Ba wanda zai wuce layinmu bai sha tsiyarta ba. Wata Talata da hantsi tana miƙa wa wata mata albasa sai hannun ya ƙi, baki ya karkace, ta zame daga kan benci. Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aka dawo da ita bayan sati uku, aka kwantar a ɗakin ciki. A lokacin, aurena bai daɗe da mutuwa ba, na dawo gida da ɗinkina, sai jinyar ta faɗo a kaina.

Ɗakin nan taga ɗaya gare shi, tana kallon bangon maƙwabta. Ba a ganin kowa ta cikinta, sai dai a ji. Tsakaninmu da coci taku ɗari biyu ne, na ƙirga, kuma lasifikarsu tana shigowa ta tagar nan tar, kamar a kan gadon ake sujada. Duk Lahadi Mama za ta sa in yi mata wanka, in ɗaura mata ɗankwali, ta kwanta tana bin waƙa da rabin baki. In matan suka ja waƙar da sanyi sai ta bugi katifa da hannunta mai lafiya don haushi. Abu ɗaya take so a duniya, a fitar da ita daga ɗakin nan ta ga mutane. Mota ba ta shiga layinmu, ni kuma ba zan iya goya ta ba.

Na sami Baba yana cin abinci na ce, "Baba, keken nan fa?"

Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kira na. Ya ajiye cokali ya ce, "Uwata, ba nawa ba ne."

"Na sani. Na wanda ya buƙata ne. Ga ta can kwance."

"Na hana mutum biyu. In na ba matata, me za a ce?"

"A ce matarka ba ta da lafiya."

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba. Fastonmu na lokacin da kansa ya tako har gida ya ce, "Baba, don Allah ɗauko wa Mama keken nan, ni na ba da izini." Baba ya ce, "Fasto, kai yau kana nan, gobe an yi maka canji. Bakin mutane ba a yi masa canji." Faston mutum ne mai gudun rigima, ya yi addu'a ya tafi. Dattawa kuwa suka ce tun da mai riƙon ya ga bai dace ba, su wa ne su.

Kada wani ya ce me ya hana mu sayen namu. Magani ne ya hana. Abin da ɗinki ya kawo da abin da fansho ya kawo, kantin magani ke lashewa kafin tsakiyar wata.

Maƙwabcinmu mai walda ne ya ji tausayi. Ya sami kujerar ƙarfe ya liƙa mata ƙafafun baro biyu, ya ce in gwada. Ranar Mama har hoda ta shafa. Muka ɗora ta, muka fito tsakar gida, muka ƙetare ƙofa. Ta ga layi, ta ga mai shago, ta ɗaga hannu tana ƙoƙarin kiran sunansa. Taku goma muka yi, ƙafa ɗaya ta faɗa bakin kwata, kujerar ta kife. A kan hannun mai lafiya ta faɗi, ya karye a wuyan hannu. Wata biyu ni nake ba ta abinci a baki. Baba ya tsaya a kanta ya ce, "Kin ga abin da nake gudu ke nan. Da keken coci ne da yanzu ya lanƙwashe."

Tun daga ranar na tsane shi. Na faɗa ne yadda yake, ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Da hannun ya warke sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Wata Asabar da rana ya shiga wanka, ya rataye zoben makullan a ƙusar da ke bakin banɗaki. Na zare shi na fita. Wautata ɗaya, ban dunƙule su a hannu ba, suka yi ƙara. Na buɗe siton, na jawo keken har bakin ƙofa, ina kokawa da ƙullin nan nasa da haƙori, sai na ga inuwa. Ga shi tsaye, tawul a wuya, kumfa a bayan kunne. Bai yi tsawa ba. Ya karɓi makullansa, ya mayar da keken mazauninsa, ya ɗauki tsumma ya goge inda hannuna ya taɓa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Washegari a tsakiyar sujada, da aka ba da lokacin shaida, sai ya miƙe ya karɓi makirfo. Ya ce yana da abin kunya da zai kawo gaban Allah da jama'arsa. Ya ce jiya ɓarawo ya shiga siton Ubangiji, ɓarawon kuma daga gidansa ya fito, 'yar cikinsa ce. Ya ce Allah ya taimake shi bai yi son kai ba. Ina zaune a layi na huɗu, kowa ya juyo. Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Ko 'yarsa bai ƙyale ba." Wallahi da sha'awa ya faɗe ta.

Da na koma gida na tarar Mama ta cire ɗankwalin ta juya fuska bango. Duk ta ji ta taga. Maganarta a lokacin sai wanda ya saba yake ganewa. Ta ce, "Ki bar shi. Ba keken yake tsaro ba, sunansa yake tsaro." Sai ta ƙara da cewa, "Ke kuma da za ki yi sata, ba sai ki sa su a zani ba?" Ta so ta yi dariya, abin ya zama kuka. Daga wannan Lahadin ba ta ƙara cewa in ɗaura mata ɗankwali ba.

Shekara huɗu ta yi a ɗakin nan. Na ga matar da layi guda bai ishe ta hira ba ta koma ƙirga tsagar silin. Matan zumunta sun yi ta zuwa da farko, daga baya sai jefi-jefi, don rai dangin goro ne, kowa da abin da ya dame shi. Ta rasu wata Alhamis da la'asar, ina juya ta don in shafa mata mai a baya. Ranar jana'iza maza shida suka ɗauke ta, taku ɗari biyun nan, suka shigar da ita coci. Ta dai je. Baba ya fito da kujerun roba saboda dokarsa ta yarda a ba da su in an yi mutuwa. Ana wa'azi a kan gawar matarsa, shi yana zagayawa a baya yana taɓa kafaɗar samari kada su jingina kujera a kan ƙafa biyu.

Ya yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na same shi bayan kwana uku zaune a bakin gadonta riƙe da ɗankwalin. Da ya gan ni ya ninke shi, ya nemo leda ya sa a ciki.

Shekara shida suka wuce. Ya tsufa, ya ranƙwafa, amma makulli na nan a ƙugu. Aka yi wa fasto canji kamar yadda ya faɗa, aka kawo wani saurayi mai zafin wa'azi wanda bai san Mama ba. Wata Asabar Baba ya hau tsani zai goge ƙurar saman kantar sito, tsanin ya zame. Ƙashin ƙugu ya karye. Likita ya ce a shekarunsa kada a sa rai da tafiya. Gidanmu ɗaki biyu ne, ɗaya na ɗinki da kwanana, saboda haka ɗakin ciki aka kai shi, gadon nan dai, tagar nan dai.

Bayan sati biyu sai ga sabon fasto da dattawa huɗu, biyu suna ɗauke da wani abu a kafaɗa. Keken ne, cikin ledarsa, da ƙullin Baba a jiki. Faston ya ce ikilisiya ta ba shi kyauta, nasa ne halak malak, ladan amana. Ya ce kuma sun sa rana, Lahadi ta biyar daga yau, za a yi sujadar godiya don karrama shi, a tura shi har gaban bagade kowa ya gan shi. Dattawan nan sun san komai, ba wanda ya iya kallon idona. Suka ajiye shi a lungun ɗakin suka fita.

Baba ya dube shi, idonsa na ƙyalli. Ya ce, "Uwata, kwance shi mu gani."

Na ce, "Baba, amana ce."

"Ai sun ba ni."

"Fasto ne ya ba ka. Yau yana nan, gobe an yi masa canji. Me mutane za su ce?"

Na ɗauki kwanonsa na fita.

Sati huɗu na yi ina wannan. Abincinsa bai taɓa latti ba, ina yi masa wanka, ina juya shi, ina kwashe abin da ya kamata a kwashe. Amma duk Asabar da safe zan shigo da tsumma in goge ledar nan a gabansa, lungu-lungu, ba gaggawa, in ja ƙullin sau uku in fita. Ya roƙa, ya yi fushi, ya kawo mini ayar girmama iyaye. Na ce masa hanyar layinmu duk kwata ce, kada a kassara kayan Allah. Na ji daɗin abin, kuma na san ba kyau. Dukansu biyu gaskiya ne.

Ranar Lahadin ta zo. Tun da sassafe ya sa na ciro masa farar rigarsa da hula. Na sa masa. Ya kama hannuna da nasa biyu, abin da bai taɓa yi ba tun ina yarinya, ya ce, "Uwata, don Allah. Sau ɗaya."

Ban sani ba ko tausayi ne, ko gajiya ce da mugunta. Na ɗauko almakashin ɗinki na datse ƙullin. Igiyar ta faɗi. Na yaye ledar farko, na yaye ta biyu, sai wani wari ya taso, irin na tsohon gwangwani. Cikin ledar jiƙe yake da gumi. Shekara goma sha biyu yana goge bayanta, bai taɓa buɗewa iska ta shiga ba. Ƙarfen da ke ɗaukar ido ya koma ja, tsatsa ta ci shi har tana zuba. Na taɓa taya, robar ta ɓare a hannuna. Na tura, ko motsi.

Na kira mai walda. Ya zo da guduma da mai, ya durƙusa, ya ɗiga, ya buga, ya girgiza. Baba ya ce, "Ku ɗora ni, nauyi zai sa ya juya." Muka ɗora shi. Muka tura mu biyu, keken ya ja ƙasa da ƙara, ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Mai walda ya miƙe yana goge hannu a wando ya ce, "Baba, ya mutu. Da ana hawansa da har yanzu yana aiki. Ajiya ce ta kashe shi." Ya ce ko ya goya Baba zuwa coci. Baba ya ce ba zai shiga gaban jama'a a bayan wani ƙato kamar buhu ba. Mai walda ya sosa ƙeya ya ce, "To, kujerar nan da na yi wa Mama tana nan bayan shago." Baba ya kawar da kai. Mutumin ya ga ba wurin zamansa ba ne, ya tattara gudumarsa.

Aka fara waƙa. Wani dattijo ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya ce to za a yi a bayan idonsa, ai duk ɗaya ne, ya koma da sauri. Na zauna a bakin gado. Baba na zaune cikin keken, da farar riga da hula, hannunsa a kan tayoyin da ba sa juyawa.

Muryar fasto ta shigo ta taga. Ya karanta labarin maigidan nan da zai yi tafiya ya rarraba wa bayinsa uku dukiya. Ya ce Baba Makulli shi ne bawan kirki, abin da aka ba shi ko tsinke bai ɓace ba. Aka tafa, aka daɗe ana tafawa. Amma da yake yaro ne mai son cika aiki, sai ya karanta labarin har ƙarshe, har wurin bawa na uku da ya haƙa rami ya binne nasa don tsoro, ya dawo da shi yadda aka ba shi. Baba ya san wurin da ka. Ina ganin leɓensa yana bin karatun, sai ya daina.

Ya daɗe yana kallon tagar. Sannan ya ce, "Uwata, haka ake ji daga nan?"

Na ce, "Haka ake ji."

"Komai?"

"Komai, Baba. Har ranar da ka kira ni ɓarauniya."

Ya sunkuyar da kai, hular ta zame ta faɗi a cinyarsa. A can suna kiran sunansa, suna cewa a ƙara masa tafi. Ya ce, a hankali, in taimaka in rufe tagar.

Ban rufe ba.